Tsawo Kafin Faɗi

Kafin ya zama mai yankan takarda, Isyaku tela ne. Kowa ya san haka a layin shagunan da ke kusa da jami'a a Wudil, domin shi da kansa ba ya bari a manta. In ɗalibi ya kawo aiki yana rawar ƙafa, yana cewa malaminsa na jira, sai Isyaku ya ce, "Samu wuri ka zauna, ɗan boko. Ni da na sa almakashi a shaddar ango hannuna bai yi rawa ba, takardarka ce za ta firgita ni?"

A Dagumawa aka haife shi, a can ya koyi ɗinki wurin kawunsa. Kawun mutum ne mai faɗa, kuma abu ɗaya ya fi tsanantawa a kai: in za ka faɗi awo, ka fara da tsawo, sannan faɗi. Hujjarsa ita ce mai kawo ɗinki a tsaye yake shigowa shago, tsawonsa kake fara gani kafin ƙibarsa. Isyaku ya sha ranƙwashi a kan wannan har abin ya zauna masa a baki. Ko gona aka tambaye shi, ko tabarma, ko ramin masai, tsawo yake fara faɗa.

Da samari suka cika gari da kekunan surfani masu amfani da wuta, ɗinkin Isyaku ya ja baya. A lokacin ne Alhaji Maikano, wanda ya daɗe yana kawo masa ɗinki, ya buɗe shagon buga takardu saboda ɗalibai. Ya sayo wani tsohon injin yankan takarda daga Kano, ƙaton ƙarfe baƙi mai wuƙa kamar takobi, da sitiyarin matse takarda a sama, da dogon hannu da ake dannawa da ƙarfin kafaɗa. Ya rasa wanda zai amince wa da shi. Rannan ya tsaya yana kallon Isyaku yana yanka yadi, sai ya ce, "Ajiye almakashin nan ka biyo ni, na sama maka babbansa."

Tun daga nan Isyaku ya zama na injin, injin ya zama nasa. Shi ke wasa wuƙar, shi ke zuba mai, shi ke share ƙarƙashi. Littattafan kammala karatun ɗalibai, katunan biki, kalandar 'yan siyasa, takardun jarrabawar Islamiyyu daga Utai da Indabo, duk ta hannunsa suke bi kafin su fita. Masu ƙosai da masu tsire suna zuwa karɓar ragowar takarda, shi ke rabawa, yana fifita wanda ya ga dama. Ba sarauta ba ce, amma a layin nan in an ce "Baba Mai Wuƙa" ba a tambayar wanne. 'Ya'yansa sun watse, macen tana aure a Gaya, mazan suna Kano. A gida shi tsoho ne kawai mai jiran tuwo. A gaban injin kuwa, har lakcara sai ya jira shi ya gama.

Alhaji Maikano ya rasu, ɗansa Saifuddeen ya gaji shagon. Saifu a gaban Isyaku ya girma, ya je ya yi karatun kwamfuta, ya dawo da sababbin injina da sabon harshe. Su mutanen kwamfuta faɗi suke fara faɗa, sannan tsawo, haka akwatinsu ya koya musu. Da farko abin raha ne a shagon. Nafisa, matar da ke tsara aiki a kwamfuta, takan ce, "Baba Isyaku, duniya duk ta koma faɗi, kai kaɗai ka rage a tsawo."

"Duniyar ce ta kwanta," in ji shi. "Ni ina tsaye."

Amma Saifu, duk lokacin da zai ba shi awo, sai ya juya masa shi irin na tela. Ya ce tsawo kaza, faɗi kaza. Isyaku bai taɓa gode masa ba, kuma bai taɓa daina lura ba. A wurinsa wannan ɗan juyin shi ne shaidar cewa har yanzu ɗan Alhaji ya san waye ya riga shi zuwa shagon.

Sai ido ya fara. Da fari kamar hayaƙin murhu a gefen hagu, yana murzawa yana cewa ƙurar takarda ce. Daga baya daman ma ya bi sahu. Yana ganin mutum, yana ganin ƙofa, yana gane mota daga babur. Amma lambobin rular da ke jikin injin suka narke, ƙananan alamun yanka da firinta ke sawa a kusurwar takarda suka ɓace gaba ɗaya. Ya san sunan abin, yanar ido ce. Ya kuma san an ce ana cirewa a asibiti. Sai dai yayansa ma an ce za a cire masa, wani mai magani a kasuwa ya shiga idon da allura, ya ƙare rayuwarsa jika na ja masa sanda. Isyaku ya gwammace hayaƙin da ya saba da shi.

Bai gaya wa kowa ba. Abin da ya yi shi ne, wata rana da shagon ya yi tsit ya ɗauki magagari ya yi wa rular injin ƙananan tsaga, ɗaya a kan kowane inci, mai zurfi a manya, marar zurfi a rabi. Daga nan farcensa ya zama idonsa. Ya kuma ƙirƙiro halin tsufa na ƙarya: wai shi ba ya yarda da alamun firinta, a faɗa masa awo da baki. In Nafisa ce ta faɗa bai tabbatar ta wace hanya ta bi ba, yana da dabara. Sai ya auna babbar takardar da tafin hannu, ya yi lissafi a zuci. Kusan kullum hanya ɗaya ce ke cinye takardar daidai, ɗayar sai ta bar saura mai yawa. Takardar da kanta ke gaya masa gaskiya.

Ya yi nisa a haka. Yana jin daɗin wayonsa ma, har yakan ƙara wa ɗalibai tsiya don a ga babu abin da ya canza. Abin da bai so ya tuna ba shi ne ranar da ya kai hannu share gutsattsarin takarda, wuƙar ba ta gama komawa sama ba, ta ɗebe masa fatar ɗan yatsa. Ya naɗe da tsumma ya koma gida. Matarsa Laraba ta kwance tsumman ta daɗe tana kallo.

"Malam, wannan fa?"

"Ƙofar shago ce ta datse ni."

"Ƙofar shagon naku wasa ta ake yi?"

Ya kawar da kai. Ta wanke, ta ɗaure, ta tura masa kwanon tuwo har ya taɓa gwiwarsa, abin da a da ba ta yi.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, manyan motocin shanu sun fara shigowa gari saboda kasuwar gobe, titi sai ƙara. Babu ɗalibai sosai, ana hutu. Isyaku yana zaune a kan bencinsa yana goge hannun injin, Saifu ya fito daga ɗakin firinta da ƙunshin takardu a hannu. Ya tsugunna ya gaishe shi kamar kullum, ya tambayi Inna Laraba, ya tambayi ƙafa, ya tambayi kwanan gida.

"Baba, katin bikin Sharifa ne ya fito."

Sharifa autar Alhaji Maikano ce. Isyaku ne ya je ya sanar da mutanen layin ranar da aka haife ta.

"Auta za ta tafi ke nan," ya ce. "Wa zai riƙa zuwa yana cinye mana gyaɗa?"

"Ai mijin ya ce zai saya mata buhu."

"Bai san ta ba. Ya sayi gona."

Nafisa ta yi dariya daga bayan kwamfutarta. Saifu ya ɗora ƙunshin a kan teburin injin. Isyaku ya miƙe ya shafa. Kati ne mai kauri, mai santsi, irin na masu hali. Ya sunkuya kamar mai duba kyau, bai ga komai ba sai fari fat yana ƙyalli.

"Ta ce ita fari take so, rubutun ruwan gwal siriri," in ji Saifu. "Yayin da ake yi ke nan. Ya ka gani?"

"Ya yi kyau. Auta ta iya zaɓe."

"Uku da shida ne, Baba."

Isyaku ya jira sauran maganar. Ya jira a ce tsawo, a ce faɗi. Saifu bai ce ba.

"Uku da shida," Isyaku ya maimaita, yana jan kalmomin ko za a cika masa.

"E. Ga alamun yanka nan ma a kusurwa, sun fito sosai. Ka bi su kawai."

Ya faɗi haka ya koma gefe ya jingina da bango yana danna waya.

Isyaku ya daidaita ƙunshin, ya buga gefensa a tebur, ya sake bugawa. Hannunsa ya auna babbar takardar ba tare da kowa ya lura ba, ko kuma haka yake zato. Tsawo sha takwas, faɗi sha biyu. Ya fara lissafinsa. In tsawon katin uku ne faɗinsa shida, shida za su jeru a tsaye, biyu a kwance, sha biyu ke nan, babu saura. In kuma faɗin ne uku tsawon shida, huɗu a kwance, uku a tsaye. Sha biyu. Babu saura.

Ya sake yi daga farko. Amsar ba ta canza ba. Yau takardar ta ƙi magana.

Ya shafa fuskar katin da tafin yatsa ko zai ji tudun rubutu. Santsi kawai. Ya karkata kai ya kawo idon dama, wanda ya fi dama-dama, kusa da kusurwa, yana yi kamar yana hure ƙura. Hasken ƙofa ya daki katin ya dawo masa cikin ido.

Tambaya ɗaya ce za ta raba gardama. Saifu, wanne ne tsawon? Kalma huɗu. Amma mai ido ba ya wannan tambayar alhali katin na gabansa, rubutu na kallonsa, an kuma ce masa ga alamu nan. Yaro ɗan firamare zai kalla ya ce a tsaye yake ko a kwance. In ya tambaya, ya faɗa da bakinsa. In ya faɗa, yau ne ƙarshensa da injin, domin babu mai hankalin da zai bar makaho da wuƙa irin wannan, ko da ɗan Alhaji ne, ko da yana jin kunyarsa.

Ya lura da wani abu kuma. Ƙarar maɓallan Nafisa ta tsaya. Matar da ko gaisawa take yi yatsunta ba sa hutawa.

To, saura zato. Saifu ɗan kwamfuta ne, da Nafisa ya tsara katin, a bakinsu uku da shida na nufin faɗi uku. Katin biki ma yawanci a tsaye ake yin sa. Hankali ya ce masa bi wannan. Har ya kai hannu zai juya ƙunshin.

Sai wani abu ya riƙe shi. Saifu bai taɓa ba shi awo da harshen kwamfuta ba, ko sau ɗaya. In yau ya yanka faɗi uku kuma ya dace, to ya tabbata yaron ya daina juya masa magana, ya daina ganin akwai wanda ya cancanci a juya wa. In kuwa Saifu yana nan yadda ya san shi, to uku tsawo ne, an dai gajarta maganar ne irin ta waɗanda suka saba da juna. Isyaku ya san wanne ya fi kama da gaskiya. Ya kuma san wanne yake so ya zama gaskiya. Bai tsaya ya bambance su ba, domin bambancewar ma ciwo ce.

Ya tura ƙunshin ta tsawonsa. Farcensa ya bi rular, tsaga ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ya juya sitiyari ya matse. Ya yi bisimilla a hankali, ya kama dogon hannun ya danna da kafaɗa.

Wuƙar ta sauka da wannan sautin da ya fi so a duniya, kamar an yanka kabewa. Ya ci gaba. Hannunsa bai yi rawa ba, aikin ya fita tsaf, gefen kowane ƙunshi sumul kamar an goge. Ya juya ya raba faɗin biyu. Ya jera su a kan tebur, ya ɗauki ɗaya ya miƙa wa Saifu yadda ya saba, da 'yar taƙama.

"Ga na Auta. Ka ce mata Baba ne ya yanka da kansa."

Saifu ya karɓa. Motar shanu ta wuce, ƙararta ta cika shagon ta fita.

"Baba," ya ce daga baya, muryarsa ƙasa ƙasa, "karanta min sunan da ke jiki."

Ya mayar masa da katin a hannu. Isyaku ya riƙe. Fari ne, mai santsi, mai kauri.

"Sharifa mana."

"Rabin sunanta ne a nan. Ɗaya rabin yana wancan. Nan gefen kuma farkon wani katin ne."

Isyaku ya buɗe baki zai ce ai laifin masu faɗi kafin tsawo ne, ai ya sha faɗa, ai da an yi magana irin ta mutane. Maganar tana nan a shirye, ya ma san yadda zai ƙawata ta Nafisa ta yi dariya. Amma alamun suna kusurwa, an gaya masa. Ya rufe bakin.

"Na ɓata wa Auta kati," ya ce.

"Ba komai, Baba."

"Da komai. A sake bugawa, a cire a..."

"Baba, ba komai."

Sai ya ji Nafisa ta ja kujera baya, ta buɗe durowar ƙasan teburinta, ta fito da wani abu mai nauyi ta ajiye. Kunnen da ya shekara yana sauraron takarda ba ya ɓata wannan sautin. Ƙunshin kati ne, mai kauri ɗaya da wanda ya yanka, yawansu ɗaya. An riga an buga na biyu tun kafin ya taɓa na farko.

Ya tsaya da katin a hannu yana haɗa abin a ransa. Farin kati da siririn rubutu. Awon da ya shiga ta kowace hanya babu saura. Aikin gida, ba na baƙo ba, don kada wani a waje ya ji. Ranar da babu ɗalibai. Yaron ya zauna ya tsara wannan kamar yadda ake tsara kati, ya bar masa ƙofa ɗaya a buɗe, ta tambaya, ya kuma san ba zai bi ta ba. Isyaku ya nemi fushi a cikinsa, ya samu ɗan kaɗan, bai isa ya tashe shi tsaye ba. An yi masa tarko, amma an shimfiɗa masa katifa a ƙasan ramin, wannan ne ya fi ci masa rai.

"Tun yaushe ka sani?" ya tambaya.

Saifu ya tsugunna a gabansa, kamar yadda yake yi in zai gaishe shi.

"Na ga tsagar da ke jikin rula. Na yi ta jira ka faɗa min da kanka."

"Da ka tambaye ni."

"Da na tambaya me za ka ce?"

Dukansu sun san amsar. Zai ce ƙurar takarda ce. Zai ce shi da ya yanka shaddar ango.

"Akwai asibitin ido a Kano, Baba. Ba irin na kasuwa ba ne, likitoci ne. Ni zan kai ka da kaina bayan biki. In an gyara, ga injinka nan, babu mai ɗauke shi."

"In ba a gyara ba fa?"

"Shagon nan naka ne. Ka zo kullum ka zauna, ka riƙa duba mana aiki."

"In duba," in ji Isyaku. Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Da me?"

Saifu ya sunkuyar da kai. Nafisa ta ce, "Baba Isyaku, ka yi haƙuri," ta koma ta zauna ba ta taɓa maɓalli ba.

Ya so a ce Saifu mugu ne, da abin ya zo da sauƙi. Ya so a ce yana da wata hujja, ko guda, da zai kafa ya ce a bar shi ya yanka na biyun. Ya juya wajen injin ya ɗora tafinsa a kan teburin ƙarfen, sanyinsa ya shiga hannunsa. Ya ji Saifu ya miƙe ya zagaya ta bayansa, ya ɗaga dogon hannun sama a hankali, ya zura sakatar da ke hana wuƙar sauka. Bai ce masa matsa ba. Ya dai tsaya a wurin, tsakaninsa da wuƙar, har Isyaku ya janye hannunsa da kansa.

"Bari in sa a kai ka gida a babur."

"Na san hanyar gidana."

Ya fita. Masu shagunan layin suna ta miƙo gaisuwa, Baba Mai Wuƙa an tashi da wuri yau, yana amsawa da lafiya lau, yana ɗaga hannu wajen da muryar ta fito. Mai ƙosai ta ce a ajiye mata takarda, ya ce to. Ya bi gefen titi yana kauce wa inuwar manyan motoci, warin shanu da na kogi suna cakuɗe a iska. Bai taɓa tafiya gida rana tana tsakiyar ka haka ba in ba Juma'a ba.

Ya yi sallama a zaure. Laraba tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ya ji ƙarar faranti ya tsaya. A hanya ya tanadi abin da zai ce in ta tambaya: babu wuta, babu aiki, ana hutu. Ya tsaya yana jiran tambayar.

Ta amsa sallamar. Ta tashi ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta kawo ruwa a kofi ta sa masa a hannu, ta riƙe har sai da yatsunsa suka kama.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce.

Ba ta tambaye shi me ya dawo da shi ba. Ya daɗe da kofin a hannu bai sha ba, yana kallon wajen da take, farin mayafi a cikin hayaƙi. Ya tuna kwanakin baya ta ce za ta je gidan marigayi Alhaji ta ga kayan ɗakin Auta, ta kuma daɗe ba ta dawo ba. Tambayar ko ita ce ta gaya wa Saifu ta zo masa har baki. Ya san in ya yi ta za ta gaya masa gaskiya, Laraba ba ta iya ƙarya ba.

Ya kai kofin baki ya sha ruwan.